Kafin a sa masa mari, a auna jininsa

Jama'a masu saurarenmu, mu faɗa wa juna gaskiya. Mutum ya daina barci, ya shiga baƙin ciki ko surutai, nan take mu ce iska ce ko sammu. A lopital ma wani lokaci sai a rubuta maganin barci a sallame shi. Wa ya duba jininsa?

Bisa kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka mai fitar da kortizol, sinadarin da ke tashi lokacin firgici. In ya yi yawa ya daɗe, fuska ta kumbura, tumbi ya fito, ƙafafu su sirance, tansiyo da sukari su hau, hankali ya rikice. Shi ne ciwon Kushin. Gwajinsa sananne ne: deksametazon miligiram 1 da ƙarfe 11 na dare, a ɗebi jini 8 na safe. Mai lafiya, kortizol ɗinsa zai sauka.

Wannan deksa ce fa mata ke saye a tebur don ƙiba, danginta na cikin man bilicin. Mai sha kada ta bari kwatsam, ta gaya wa likita.

Ba kowane taɓin hankali ke da wannan tushe ba. Amma mai waɗannan alamomi, haƙƙinsa ne a yi masa analiz. Dangi, ku buɗe baki ku tambaya!