Tafkin Shaƙatawa A Sama, Rugar Makiyayi A Ƙasa: Wa Ya Auna Wannan Madatsa?

Ya ku 'yan'uwana makiyaya da manoma na Jazira, da Sinnar, da Nilul Azrak. Ina roƙon fili a wannan takarda tamu domin in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ba muhandis ba ne, karatuna bai wuce firamare ba, amma na yi shekaru ina bin shanu daga bakin kogi zuwa daji, kuma na san halin ruwa in an tsare shi da ƙasa.

A kan burtalin da muke bi kowace damina akwai wani kwari da tun kakanninmu ake sauka a gefensa. Wani mai kuɗi, ba sai na kama sunansa ba, ya sami takardar mashru'i a sama da wurin, ya kawo katafila ta tura ƙasa ta toshe kwarin. Ruwa ya taru, ya zuba kifi, ya dasa mangwaro da lemo, ya gina rumfa mai kyau inda yake zuwa da baƙinsa ranar Juma'a su gasa nama su sha iska. Wata damina na zaga ta bayan wannan tudu, sai na ga ruwa mai laka yana tsattsafowa daga gindinsa, ga sururin gara har biyu a jikinsa, kuma babu wata hanya da aka bar wa ruwa ya zuba idan tafkin ya cika. A ƙasa da shi kuwa, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba, mata da yaranmu ne ke kwance a bukkoki. Na je na gaya masa cikin ladabi. Ya yi dariya ya ce gonarsa ce, kuɗinsa ne, kuma ai shanunmu ma suna sha. Na tambaye shi takardar da ta nuna wani masani ya duba ginin ya ce lafiya lau, sai ya juya mini baya. A wannan shekara dole muka tashi daga masaukin iyayenmu muka koma kan tudu mai nisa da ruwa, domin barci ya gagare mu.

To, jama'a, tambayata ita ce: wai shin mutum yana da ikon rataye tafki guda a saman kan maƙwabcinsa don kawai ya biya kuɗin katafila?

Kada wani ya ce ina tsorata mutane da abin da bai taɓa faruwa ba. A ƙarshen watan Yuli na 2020, a nan cikin wilayarmu ta Nilul Azrak, madatsar garin But da ke mahaliyyar Tadamun ta ɓalle. Tudun ƙasa ce, tana riƙe da ruwa kimanin kubik mita miliyan 5, kuma ta rushe gidaje sama da 600. Ga wanda bai gane lissafin ba, kubik mita ɗaya shi ne cikin durom biyar, nauyinsa tan guda. Ku auna durom miliyan 25 sun kwararo wa gari lokaci ɗaya. Bayan rushewar gidaje kuma sai ga ƙishin rani, domin ruwan da mutane da dabbobi ke dogaro da shi ya tafi ke nan. A watan Agusta na 2024 madatsar Arba'at da ke ba birnin Bur Sudan ruwan sha ita ma ta fashe. Lissafin farko na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 30 sun rasu, ƙauyuka 20 sun tafi. Waɗannan fa na hukuma ne, an san da zamansu, suna da masu kula da su. To ina ga wanda mutum ɗaya ya tara a bayan dawa ba wanda ya rubuta shi a littafi?

In kuma aka ce na masu zaman kansu sun fi samun kulawa, sai mu waiwaya ƙasar Kenya. A ran 9 ga Mayu, 2018, wata madatsa da ke cikin gonar masu hali a Solai, yankin Nakuru, ta fashe da dare ta kashe mutum 48, da yawansu yara ne. Talakawan da ke zaune ƙasa da gonar su suka biya da rayukansu. 'Yan'uwanmu na Kano ma ba su manta da 1988 ba, lokacin da madatsar Bagauda, wadda tafkinta ya yi suna wajen shaƙatawa har da otel a bakinsa, ta ɓalle ta yi ɓarna. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu bari in zo kan batun awo. A Amurka ana raba madatsun ruwa gida uku: mai babban haɗari, mai matsakaici, da mai ƙarami. Abin da ake dubawa shi ne me ke ƙasa da madatsar, wato in ta fashe za a rasa rai, ko dukiya ce kawai za ta salwanta. Lafiyar ginin kansa kuma ana duba ta daban. A watan Mayu na 2020 madatsar Edenville a jihar Mishigan, mallakar wani kamfani, wadda tafkinta ke kewaye da gidajen hutu, ta fashe. Tun 2018 hukuma ta riga ta ƙwace lasisin kamfanin saboda mazubar ruwansa ba ta isa ba. An kwashe mutane wajen 10,000 kafin ruwa ya iso, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ba wai ruwansu ya fi namu tausayi ba ne. An san madatsar, an san waɗanda ke ƙasa da ita, kuma an san wanda zai yi shela.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Ko da an kawo mana irin wannan awo gobe, muhandis zai zo da rani, ya leƙa ƙasa da tudun, ya ga ba gidan jan bulo, ba makaranta, ba titi, sai ya rubuta ƙaramin haɗari ya koma Damazin. Ba zai ga rugar da ke sauka a nan daga Yuli zuwa Oktoba ba, alhali kuwa a daidai waɗannan watanni ne madatsa ke fashewa. Bukka ba ta cikin taswira. Tun dokar 1970 da ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati, aka riƙa yanka makiyayarmu ana ba masu mashru'i kamar ba kowa a kanta. Bayan rabuwar Kudu a 2011 garkuna da yawa suka dawo arewa, fili ya ƙara matsewa, har makiyayi ya rasa zaɓin wurin kwana. Duk awon da bai ƙirga mu ba, da mu da dabbobinmu, awon banza ne.

Za a ce ƙasa na cikin yaƙi tun Afrilun 2023, wa ke ta tudun ƙasa? Ni kuwa na ce yaƙin ne ma ya sa maganar ta zama dole. Ma'aikata sun warwatse, laka ta cika hafirai, kuma 'yan gudun hijira sun sauka a kwaruruwan da da ba kowa. Madatsar Sinnar tun 1925 take tsaye, ta Rusairis tun 1966 har aka ƙara mata tsayin mita 10 a 2013, saboda ana auna su ana gyara su. Ƙasar yankinmu baƙar laka ce, da rani tana tsagewa har ƙafar maraƙi ta shige, da damina ta kumbura. Tudun da aka yi da ita ba a daddage ba, ruwa ko dai ya haye ta samansa ya zaizaye shi, ko ya huda ta cikinsa ta ramin ɓera da saiwar itace.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, kowace mahaliyya ta rubuta duk wata madatsa da hafiri da ke ƙasarta, ta gwamnati ce ko ta mutum. Na biyu, muhandis ya duba kowacce kafin faɗuwar damina, tare da umda da wakilin makiyaya, a ƙirga masaukai da burtali a cikin abin da ke ƙasa da ita. Na uku, a kafa allo a bakin ruwan da ke nuna matsayinsa, a kuma karanta a kasuwa da masallaci don wanda ba ya karatu. Na huɗu, duk madatsar da ba ta da mazuba a rage ruwanta har sai an gina. Na biyar, mai ita ya san cewa in ta fashe, diyyar rai da ta dabba tana wuyansa.

Mu ma akwai namu laifin. Mu daina barin shanu suna hawa jikin tudu suna tattake shi. Kada kuma ɓacin rai ya sa wani yaro ya ɗauki gatari da dare ya ce zai huda, domin ruwan kan danginsa zai fara faɗawa, kuma jinin da aka zubar a wilayar nan a 2022 kan rikicin ƙasa ya ishe mu darasi. Wanda ya ga tsaga, ko ruwa mai laka na fita ta baya, ya tashi iyalinsa nan take, sannan ya kawo rahoto ofishin ƙungiya mu kai gaba a rubuce.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da dukiyarmu, amin. Wassalam.