Kada Jiragen Ruwa Su Shanye Mana Taki

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da 'yan tireda kan wata magana da ake yi a ƙasashen waje. Da jin ta mutum zai ce ina ruwan biri da gada, alhali kuwa a gonakinmu za ta sauka.

Maganar ta man da manyan jiragen ruwa suke sha ce. Yawancin kayan waje da muke sarowa a Kantin Kwari ko Sabon Gari ta teku suka zo. Jiragen nan suna ƙona mai kimanin tan miliyan 300 a shekara, galibi baƙin mai, kuma hayaƙinsu ya kai kusan kashi 3 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Shi ya sa a 2023 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin teku, wato IMO, ta tsai da shawarar a kawar da wannan hayaƙi zuwa wajen 2050. Cikin abin da ake son a maye gurbin baƙin mai da shi har da wani sinadari wai shi amoniya, saboda ba shi da kabon, idan an ƙona shi ba ya fitar da irin wancan hayaƙi. Har an fara gwadawa. A 2024 wani jirgin kamfanin Fortescue na Ostireliya ya yi amfani da shi a Singafo, haka ma wani ƙaramin jirgi mai jan manya a Japan.

To jama'a, mene ne amoniyan nan? Ba baƙo ba ne a wurinmu. Warin nan mai shiga hanci da ke tashi a turken awaki, ko idan yuriya ta jiƙe a gona, ai shi ne. Shi ne uwar takin zamani. Da shi ake yin yuriya, kuma ƙarfin da kamfa ke sa wa ganyen masara daga gare shi yake.

Yanzu mu yi lissafi irin na kasuwa. Duk duniya ana yin amoniya kimanin tan miliyan 180 a shekara, kuma wajen kashi 70 cikin 100 a taki yake ƙarewa. Ga shi bai kai baƙin mai ƙarfi ba, aikin da tan ɗaya na mai zai yi sai an ƙona fiye da tan biyu na amoniya. Ke nan in da duk jiragen za su koma kansa, abin da za su sha ya ninka wanda ake yi yanzu sau uku. Duk wanda ya taɓa kasa kaya ya san abin da ke faruwa idan masaya biyu suka haɗu a kan buhu ɗaya. Ga mai jirgi da dala, ga manomi da 'yan canjinsa na naira. Don Allah wa mai kaya zai saurara?

Mun riga mun ɗanɗana. A 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, iskar gas ta yi tsada, masana'antun Turai suka rage yin amoniya, sai ga kuɗin taki ya yi tashin gwauron zabo har ƙauyukanmu. Da yawa muka rage noman masara ba don muna so ba.

Wani zai ce ai muna da namu masana'antu, ga ta Ɗangote a Legas da aka buɗe a 2022, mai iya yin yuriya tan miliyan 3 a shekara, ga Indorama kusa da Fatakwal. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma kaso mai yawa na takin waje ake kai shi, irin su Barazil, kuma farashi na bin kasuwar duniya ne. Ban ga laifinsu ba, ɗan kasuwa inda riba take nan yake dosa.

Sannan kusan duk amoniyan da ake yi daga iskar gas da kwal ake samo shi, kuma masana'antar kanta tana fitar da hayaƙi mai yawa. Idan irin wannan za a ɗura wa jirgi, to an gudu ba a tsira ba, an ɗauke hayaƙi daga teku an kai tudu. Mai tsabtar shi ne wanda ake yi da ruwa da iska da wutar hasken rana, shi kuwa da tsada kuma bai yawaita ba.

Ga shi kuma guba ne. A 1992 tankarsa ta fashe a wata masana'antar man gyaɗa a Dakar, ƙasar Sanagal, mutum 129 suka rasa rayukansu. Sai a yi tunanin irin cunkoson da ke tashar Apapa.

Kada a ɗauka ina ƙyamar gyara ne. Mu manoma mu muka fi kowa shan wuyar canjin yanayi, yau fari gobe ambaliya. In za a rage hayaƙi muna murna. Abin da nake cewa shi ne kada a yi gyaran da zai taɓa tukunyar talaka.

Don haka ina kira ga wakilanmu a IMO da su tsaya a kan cewa amoniyan jirgi a gina masa sababbin masana'antu masu aiki da rana da iska, kada a ɗiba daga rabon taki. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita, me zai hana a kafa wasu a nan? Ina kuma roƙon gwamnatin tarayya ta tabbatar takin gida ya wadata kafin faɗuwar damina, sannan a fitar da saura. Mu kuma manoma, kada mu yar da takin gargajiya. A ci gaba da kai kashin dabbobi gona, a riƙa juya masara da wake ko gyaɗa ko waken suya, domin su da kansu suke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku a kullum,
Wani manomi daga Funtuwa, Jihar Katsina.