Sha'anin Noma: Fis Ba Ya Ƙonewa Haka Kawai

Ƙaramar taraktar lambu, watau irin wadda ake yankan ciyawa da ita ko jan ɗan amalanken taki, ta daɗe a hannun jama'a, domin tun cikin 1963 kamfanin John Deere na Amurka ya fitar da tasa ta farko. Amma har yanzu ba abin da ke ɗaure wa masu ita kai kamar a wayi gari a murɗa makulli a ji tsit, ko fitila ba ta kama ba. Sau da yawa in an ɗaga murfin inji sai a tarar fis ne ya ƙone.

To, a nan ne akasarin mutane kan yi ɓarna. Wani ya sa fis mai lambar da ta fi ta da, wani ya naɗa waya a gurbinsa, wani ma takardar nan mai ƙyalli ta kwalin taba zai cusa, ya ce ai ga ta ta tashi. Alhali kuwa fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi musamman don ya narke idan wuta ta wuce kima, ya fanshi sauran wayoyi. In aka hana shi narkewa, wayar ce za ta yi zafi har robarta ta kama, ga kuwa fetur a kusa. Don haka mai lamba 15 sai a maye shi da mai 15. Irin na roba mai ƙafa biyu launinsa ma ya isa shaida: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

Abin da ya kamata mai tarakta ya lura da shi shi ne lokacin da sabon fis ya ƙone, don wannan ne ke nuna inda cutar take. Idan da sa shi ya tsinke, tun ba a taɓa makulli ba, to wayar da ke tsakaninsa da makullin ta goge tana taɓa ƙarfen jikin tarakta, ko kuwa an juya kawunan batir wajen ɗaurawa. Idan sai an murɗa makulli, a binciki wayoyin fitilu da na ɗan abin nan da ke buɗe mai a ƙarƙashin kafireto. Idan kuwa sai an kunna wuƙaƙen yanka, laifin na kulocinsu ne mai aiki da lantarki, ko wayarsa da ke ratsawa kusa da bel. Mai wuyar sha'ani shi ne wanda sai inji ya jima yana aiki, domin girgiza ce ke sa wayar da ta goge ta taɓa ƙarfe ta saki. Irin wannan sai an bi wayoyi da hannu, musamman inda suka lanƙwasa, da kusa da salansa, da inda ɓeraye suka yi sheƙa lokacin da tarakta ke ajiye.

Masu wayarin suna da wata dabara da ke hana asarar fis. Sukan haɗa ƙwan fitilar mota mai bolt 12 a gurbinsa. In ya haska sosai, wuta tana zurarewa ke nan. Sai a riƙa zare mahaɗan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, wanda aka zare hasken ya dushe ko ya mutu, a layinsa ɓarnar take. Kafin a soma gyara kuma, a fara kwance kan batir mai alamar ragi, kada sifana ta haɗa wuta.

Amma fa ba kowane shiru ne na fis ba. Waɗannan taraktoci suna da makunnan tsaro, galibi a ƙarƙashin kujera da jikin burki, inji ba zai tashi ba sai an taka burki an kuma kashe wuƙaƙe. Batir mai cikakken caji kuwa ma'auni kan nuna bolt 12.6, in inji na aiki ya haura 13. Wanda ya ga ƙasa da haka, ya kankare farar tsatsar kawunan batir tukuna, sa'an nan ya nemi mai wayarin.