Kalmar da ta kusa kai ni kotu a Kumasi

Wannan makon a kan kalmar Turanci guda ɗaya zan tsaya, wato blacken, don ta taɓa ci mini kuɗi.

Shekarun baya wani dillalin goro da muke hulɗa da shi a Kumasi ya aiko mini takarda ta hannun lauyansa, wai ina blacken ɗin sunansa a zango. Ni Turancina na ciniki ne, sai na miƙa wa ɗana, lokacin yana sakandare. Yaro ya san black baƙi ne, ya ce, "Baba, cewa yake ka baƙanta masa." To a Hausa in ka baƙanta wa mutum, ransa ka ɓata. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, rubuta masa na yarda na yi, ya yi haƙuri. Ashe amsa laifin ƙazafi na yi, har da sa hannu. Alhali abin da na faɗa a majalisa bai wuce cewa yana jinkirin biya ba.

Asalin ma'anar kalmar shi ne mayar da abu baƙi, kamar yadda hayaƙi ke yi wa gindin tukunya. Amma da an jingina ta ga sunan mutum, ta koma ɓata suna, abin da muke ce wa shafa kashin kaji. Tana da 'yar'uwa, denigrate, mai tushe a Latin, inda niger ke nufin baƙi. Mutanenmu na Duwala da Kwatano sun san ta a Faransanci, dénigrer. Ita ta fi karkata ga kushe mutum ko hajarsa, kamar ka ce goron wane duk ruɓaɓɓe ne.

Mu ma muna da baƙin jini da baƙar magana, amma suna ɓata shi muke yi, ba ma baƙanta shi. Nan yaron ya zame, kuma wallahi ban ga laifinsa ba.

Gana ta soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna a 2001, sai dai ƙarar neman diyya tana nan daram. Dillali kuwa sunansa ne jarinsa, da shi ake ba shi kaya bashi, shi ya sa mutumin ya ɗauki zafi. Sai da dattawan zango suka shiga tsakani aka kashe maganar, na biya kuɗin lauyansa, na ɗora huhun goro guda.