WAƘA A BAKIN KABARI: ME KE JAN MATASA?

Akwai wani nau'in finafinan Turawa da ke shiga zukatan matasa, wanda ya haɗa abubuwa uku da a da ba a san su da zama inuwa ɗaya ba: ban tsoro, barkwanci da waƙa. Bai kamata a tsaya ga tsine musu kawai ba. Wajibi ne a fahimci abin da ke jan mutane gare su, domin sai an san ciwo ake neman magani.

A fim ɗin Sweeney Todd na shekarar 2007, wanda Tim Burton ya shirya, Johnny Depp ya fito a matsayin wani wanzami a birnin Landan. Wani alƙali ya zalunce shi, ya raba shi da matarsa, sai ya dawo yana yanka masu zuwa aski, maƙwabciyarsa kuma tana gasa namansu cikin burodi tana sayarwa. Duk wannan ta'asa cikin waƙa ake yin ta. A Little Shop of Horrors na 1986, wani tsiro ne mai shan jinin mutane yake rera waƙa, yana yi wa wani talakan yaron kanti alkawarin suna da arziki in ya ciyar da shi. A Corpse Bride na 2005 kuwa, wanda aka yi da 'yan tsana, an nuna duniyar masu rai a dusashe, ta matattu kuma cike da launi da kiɗa.

Sirrin farin jininsu ba ɓoyayye ba ne. Ɗan Adam na tsoron mutuwa, kuma yana son ya leƙa ta daga nesa ba tare da ta taɓa shi ba. Dariya na sassauta fargaba, waƙa kuma na maƙalewa a ka. Ga shi jaruman galibi marayu ne, ko waɗanda aka zalunta, ko waɗanda jama'a ta ƙi, don haka saurayin da ke jin an mance da shi sai ya ga kansa a cikinsu. Ko a ƙasar Hausa haɗa tsoro da waƙa ba baƙo ba ne, domin tatsuniyoyin Dodo cike suke da waƙoƙi. Amma tatsuniya a bakin kaka take, ita ke rufe ta da darasi. Fim kuwa a wayar hannu ake kallonsa, cikin dare, babu babba a kusa.

A nan haɗarin yake. Wanzamin nan ya ƙare da kashe matar tasa da hannunsa bai sani ba, shi ma aka yanka shi da askarsa. Wannan darasi ne babba kan ramuwar gayya. Sai dai mai kallo kan tashi da waƙar a bakinsa, ya bar darasin a wurin. Wanda kuma ya saba ganin kabari a matsayin dandalin rawa, da wuya jikinsa ya yi sanyi ranar da ya raka gawa.

Saboda haka ya zama tilas kowane matashi ya tambayi kansa bayan kallo: wa aka sa shi ya tausaya wa, kuma me aka sa shi ya yi wa dariya? In amsar ita ce mai kisa da kuma gawa, to lallai an yi masa sakiyar da ba ruwa. Mutuwa dai ba ta zuwa da kiɗa.