Inshorar Gidan Haya: Kowa Ya Ɗauki Nasa Kaya

A ƙasar Amurka, masu gidajen haya da yawa ba sa miƙa wa ɗan haya mabuɗi sai ya nuna takardar shaida cewa ya yi inshora. A Faransa kuwa dokar 1989 ce ta wajabta wa ɗan haya yin inshora a kan gobara da ɓarnar ruwa. Hujjar masu gidaje ita ce inshorarsu ginin kaɗai take biya. In wuta ta cinye gado da tufafi da littattafan ɗan haya, ko kuwa ta tashi daga ɗakinsa ta shafi maƙwabta, ba ruwan kamfanin mai gida.

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ta shafe mu. Kowace shekara da hunturu muna jin labarin ma'aikaci ko ɗalibi da ya wayi gari ba shi da komai sai rigar jikinsa, sa'an nan a shiga yawon neman taimako. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, wadda ta lashe dubban shaguna, ta isa ishara.

Amma akwai abin tsoro. Dokar Inshora ta Nijeriya ta 2003 ta wajabta inshorar gine-ginen da jama'a ke amfani da su, har da gidajen haya da ɗakunan kwanan ɗalibai, a kan gobara da rushewa da ambaliya. Sabuwar dokar da ta maye gurbinta a 2025 ba ta janye wannan wajibi ba. Duk da haka, gidajen haya nawa ne a garuruwanmu ke da wannan takarda? In wannan al'ada ta iso mana ba tare da tsari ba, mai gidan da bai cika nasa alhaki ba shi ne zai fara ɗora shi a kan ɗan haya, wanda kuɗin hayar shekara guda a dunƙule ya riga ya karya wa ƙugu.

Mu a ganinmu, ginin na mai gida ne, saboda haka inshorarsa da gyaran wayoyin lantarki da rufi duk a wuyansa suke. Abin da ya dace a nema wurin ɗan haya shi ne inshorar kayansa da ta ɓarnar da sakacinsa ya jawo. A rubuta sharaɗin a yarjejeniya tun farko, a bar shi ya zaɓi kamfanin da ya so, shi ma mai gida ya nuna tasa takardar. Wanda ke da shakka ta fuskar addini, ga takaful, watau inshorar Musulunci, wadda hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013.

Muna kira ga gwamnatocin jihohi da su sa waɗannan sharuɗɗa cikin dokokin haya tun kafin rigima ta cika kotuna. Kamfanonin inshora kuma su riƙa biyan diyya ba tare da jan rai ba, domin wanda ya ga an biya maƙwabcinsa, ba sai an tilasta masa ba.