Ina Za a Koma Bayan Ritaya?

A Nijeriya, yawancin ma'aikatan gwamnati kan ajiye aiki idan sun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 suna aiki. Daga nan hayar gida a Legas ko Abuja sai ta gagari mutum, ya ce ƙauye zai koma. Ni a ganina, araha ba ta ado. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin motar zuwa asibiti daga ƙauye kan iya cinye fanshon mai hawan jini. Gara matsakaicin gari irin Zariya ko Gombe, inda akwai asibitin koyarwa, ga hatsi a kusa, haya kuma da dama-dama. Dattijo ya fara tambayar inda likita yake kafin ya tambayi kuɗin ɗaki. Allah Ya sa mu dace.